Na'Allah Direba da Motar Caji

A Ƙofar Marke, in ka tambayi gidan Alhaji Muhammadu ɗan Attahiru sai a yi ta kallon juna, kowa ya ce bai san shi ba. Amma ka ce Na'Allah direba, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka lungun. Dogo ne siriri, ya ba sittin baya, furfura ta cinye gemun amma ta bar girar baƙa wuluk. Yana da wata ɗabi'a ta karkatar da kai gefe guda in ana magana, har wanda bai san shi ba ya ɗauka kurma ne. Ba kurma ba ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana sauraron inji a haka, wuyan ya saba.

Hanyar Sakkwato zuwa Illela ya yi wa aiki duk tsawon shekarun nan, da wata farar Fijo mai kujera bakwai wadda rana ta mayar ruwan ƙasa. Allurar mai ta daina motsi tun 'ya'yansa suna firamare, bai kuwa taɓa kai ta gyara ba, don a cewarsa allura ta direban da ba shi da kunne ce. In filogi guda ya fara lalaci, zai ji shi tun kafin a bar gari. In mai ya yi ƙasa, akwai wani ɗan tari da motar ke yi a kan hawa, shi kaɗai ya san shi. A but kullum akwai jarka cike, in kuma ta ƙare, babu ƙauyen da ba shi da ɗan bumburutun da zai tsiyaya masa galan guda. Da wannan ya gina abin da yake tinƙaho da shi, wato bai taɓa barin fasinja a hanya ba, duk wanda ya ɗauka sai ya kai shi inda ya ce. Ya faɗa a tasha, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa har a zaman makoki, mutane suka haddace. Abin haushin kuma gaskiya ce, shi ya sa ba a iya rufe masa baki.

Da fetur ya yi tashin da ya yi, fasinja suka ja baya, lodi guda sai a wuni ana jiransa. Na'Allah ya daure wata shida. Ranar nan ya dawo da la'asar, ya ajiye Fijo ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida, ya cire mata batir, ya shige ciki. Shekara guda ya yi a zaune, zaman kuwa bai karɓe shi ba ko kaɗan. Ya koma mafaɗaci. Miya ba gishiri, maƙwabta sun cika surutu, liman ya ja sura. Mutanen gida suka rasa inda za su sa kansu.

Bahijja ce ta fitar da su. Ita ce 'yarsa ta uku, ta karanta aikin lantarki, tana aiki da wani kamfanin masu kafa sola a bayan gari. Kamfanin ya kawo ƙananan motoci shida masu aiki da batir, waɗanda aka ɗan mora a ƙasar waje, don a riƙa haya da su, ana neman direbobi masu natsuwa. Ta ba da sunan ubanta ba ta tambaye shi ba, don ta san in ta tambaya a'a zai ce.

Ranar farko ya zauna cikin motar, ya laluba gefen sitiyari, babu wurin makulli. Ta nuna masa maɓalli. Ya danna, allon gabansa ya kawo haske, ya karkatar da kai yana jira.

“Baba, mi kaka jira?” in ji Bahijja.

“Ta tashi mana.”

“Ai ta tashi.”

“Ke Bahijja, ni za ki yi ma wasa? Motad da ba ta ce uffan ba?”

“Taka ka gani.”

Ya taka. Mota ta zame gaba sumul, ya danna birki da ƙarfi yana salati, ma'aikatan da ke tsaye suka juya baya suna dariya don kada ya gani. Ya fito yana cewa wannan ba mota ba ce, abin wasan masu kuɗi ne. Kashegari tun kafin a buɗe ƙofar kamfanin yana tsaye a waje.

Cikin wata guda ya so ta, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Babu lagireton da zai tafasa, babu baƙin mai a farce, ga na'urar sanyi, esi kamar yadda kowa ke cewa, wadda ta sa matan aure masu zuwa asibiti da tsofaffi masu ziyarar Hubbare suka riƙe lambar wayarsa. Da safe ya ɗauke ta a farfajiyar kamfanin cike da caji, da yamma ya mayar. Abu ɗaya ne ya rage a tsakaninsu, ba ta yi masa magana. Duk abin da za ta faɗa a lamba take faɗarsa, wata koriyar lamba a allo mai nuna kilomita nawa suka rage kafin batir ya ƙare. In ta cika, ɗari da casa'in. Ya yi ta gwada lambar kamar mai gwada sabon mudu, ya je nan ya dawo, ya je can ya dawo, yana lissafi a ka. Ya same ta mai gaskiya. A watan Nuwamba ya karɓi motar, duk gwajin nan cikin sanyi ya yi shi.

Babban gwajin shi ne zuwa Tungar Malle a watan Disamba. Kilomita sittin da biyu ne daga Sakkwato, ka wuce Kware, ka wuce Gwadabawa, ka sauka daga kwalta ka yi sha biyu cikin rairayi. Ya je ya dawo, lamba tana nuna sittin da 'yan kai. Ya shigo gida yana baza labari.

“Baba, wanga lissahi na sanyi na,” Bahijja ta ce masa. “Bari bazara ta zo. Esi na ci sosai, batir ma in ya ji zahi sai shi sha caji don shi huce.”

“Motad da ba ta da lagireto, mi zahi za shi yi mata?” ya ce, ya ci gaba da shan furarsa.

Tungar Malle garin Gazali ne, Gazali kuwa shi ne aminin Na'Allah. Manomin gero da dawa ne, gajere kakkaura, mai dariya yana dukan cinya. Sun haɗu wata damina shekara kusan talatin da suka wuce, ranar da Na'Allah ya bi yanke don ruwa ya ci hanya, Fijo ta kafe a laka da fasinja bakwai. Gazali ya kwance shanun huɗarsa biyu ya fizgo ta, ya ƙi karɓar ko goro. Tun daga nan duk kaka buhun gero na isa Ƙofar Marke, duk sallah atamfa da kwalin sukari na isa Tungar Malle. Gazali na kiransa Ɗan Birni, shi kuma yana kiran Gazali Sarkin Noma, ko da yake babu wanda ya naɗa shi.

A bazarar nan ciwon hanta ya kwantar da Gazali. Sati uku ya yi a wani asibiti a Sakkwato, matarsa Ashatu tana jinya, Na'Allah yana kai musu abinci safe da yamma. Wata Talata cikin Afrilu likita ya kira su biyun gefe, ya yi musu magana a hankali, ya ce abin da za su iya sun yi, sauran na Allah ne, in ana so a kai shi gida a kai shi. Ashatu ta rufe fuska da mayafi. Gazali bai jira an gaya masa ba, yana ganin fuskokinsu ya gane.

“Ɗan Birni,” ya ce, muryar ta zama siririya, “kai ni gida. Ban son in cika nan cikin warin magani. Gida nika so, yau.”

“Yau za ka kwana ɗakinka, in Allah ya so,” Na'Allah ya ce, ya kama hannunsa.

Ya sanar da kamfani, aka ce ya je. Ya riga ya yi 'yan zirga-zirgar safe, lamba tana kan ɗari da hamsin. Zuwa da dawowa ɗari da ashirin da huɗu. Ya ce a ransa ya isa har da ragowa.

Ƙarfe sha ɗaya aka sauko da Gazali a keken marasa lafiya, Ashatu ta koma ciki bin layin magani da takardar sallama. Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san irin ranar da ake yi, wadda take ratsa takalmi ta ƙona tafin ƙafa, ƙadangare ma sai ya nemi ƙarƙashin dutse. 'Yan itatuwan farfajiyar duk an riga an kama inuwarsu, motar tana tsaye a tsakiyar fili. Na'Allah ya kwantar da kujerar gaba, suka shimfiɗa Gazali, ya kunna esi ya ƙure shi. Sannan ya ɗauko tawul ɗinsa ya shimfiɗa a kan gaban motar don kada rana ta gasa robar, kamar yadda ya saba yi wa Fijo, bakin tawul ɗin ya sauko ya rufe allo. Gazali ya ji sanyi, barci ya ɗauke shi, barcin da ya kwana biyu bai samu ba. Na'Allah ya ji daɗin haka ƙwarai. Ya zauna yana kallonsa, da aka kira azahar ya rufe ƙofa a hankali ya tafi masallaci.

Awa uku aka yi a haka. Da Fijo ce, ko minti goma ba zai bar ta tana aiki a tsaye ba, kunnensa ba zai bar shi ba, don kowane direba ya san injin da ke ruri mai yake sha. Amma wannan shiru take yi. A wurin Na'Allah motar da ta yi shiru hutawa take, haka ya sani tun yana ɗan ashirin da wani abu, ba a kuma goge irin wannan sani da wata biyar. Bai manta maganar Bahijja ba, ya ɗauka dai tana nufin in ana tafiya.

Ƙarfe biyu Ashatu ta fito da leda cike da magani, ta shiga baya. Na'Allah ya yaye tawul. Tamanin da takwas. Ya goge allon da hannun riga ya sake dubawa, tamanin da takwas ɗin ce. Ya fita ya rufe ƙofa, ya kira Bahijja.

“Tun yaushe esi ka aiki?” ta tambaya.

“Tun sha ɗaya. Amma a tsaye take, ko taku guda ba ta yi ba.”

“Baba, ka dawo a sa ta caji. Batir ya yi zahi, ba shi ɗauka da sauri, awa huɗu ko biyar na. Ko ku bari sai sahe. Ko a ɗauko motar mai daga tasha.”

Ya leƙa ta gilashi. Gazali ya farka, idonsa ya yi rawaya, yana kallonsa. Na'Allah ba likita ba ne, amma fuskar nan ba ta yi masa kama da ta mai jiran safe ba. Motocin tasha kuwa babu mai esi, kuma kafin a samu wadda za ta yarda ta shiga rairayi rana ta yi nisa. Wannan duk gaskiya ne. Akwai kuma wata gaskiyar da bai faɗa wa Bahijja ba, wato ba zai iya tsayawa ya ga wani direba ya ɗauki Gazali ba, bayan shi ya yi alkawari. Tamanin da takwas ta fi sittin da biyu. Dawowa kuwa Allah ya san da ita.

“Za mu tahi,” ya ce, ya kashe wayar.

Suka haye gadar Rima suka miƙi arewa. Kwalta tana ƙyalli, iska tana rawa a samanta. Ya taka mota yadda ya saba, ido ɗaya a hanya ido ɗaya a lamba. Lambar da ya sani mai gaskiya yau sauri take yi, kafin ya ci kilomita guda ta ci biyu. Ya ce ko ruɗewa ta yi za ta daidaita. Ba ta daidaita ba. Suna shiga Kware, kilomita ashirin kacal, ta nuna hamsin. Saura arba'in da biyu a gabansu, sha biyu a ciki rairayi. Bai buƙaci takarda ba, in aka ci gaba a haka za ta mutu da su a tsakiyar rairayin nan, inda babu inuwa sai ta ƙaya, da mutum a bakin rai.

Ya gangara ƙarƙashin wata tsamiya ya tsaya. Hannunsa ya kai ga maɓallin buɗe but kafin ya tuna babu jarka. Ga ɗan bumburutu can tsallaken hanya da kwalabensa a jere, ba shi da abin da zai sayar masa. Tsoro ya kama Na'Allah, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da 'yan fashi suka tare su a shekarun baya. Ya sake kiran Bahijja.

“Ka kashe esi, Baba,” ta ce. “Ka tahi sannu, kak ka wuce arba'in. In ka yi haka wataƙila ku kai. In esi na aiki ba ku kaiwa.”

“In kashe? Kin san wa ag ga motag ga? Zahin nan na iya ƙarasa shi.”

“Na sani, Baba. Ba ni da wata dabara.”

Ya koma ciki ya zauna, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ashatu tana kallon ƙeyarsa. Ya yi niyyar ya ce taya yake dubawa, ƙaryar ta ƙi fita.

“Sarkin Noma, na yi kuskure,” ya ce. “Sanyin da nib ba ka a asibiti, daga cikin tahiyarmu nid ɗebe shi, ban sani ba. In na bar abin nan kunne ba mu kai gida. In na kashe, zahi za ka sha.”

Gazali ya juyo da kai da ƙyar. Bakinsa ya bushe ya tsage, amma sai ga alamar tsohuwar dariyar nan, hannun ma ya ɗan motsa kamar zai nemi cinya.

“Kashe shi, Ɗan Birni. Shekara sittin ina duƙe cikin ranag ga, ta san ni na san ta. Sanyin naka ma tun ɗazu shika shiga min ƙashi, kunya ta hana in hwaɗa.”

Ko gaskiya ya faɗa ko don ya sauƙaƙa wa amininsa ne, Na'Allah bai sani ba, har yau kuma bai sani ba. Ashatu ta fita ta sayo ruwan leda mai sanyi ƙulli guda, ta cire mayafinta ta jiƙa shi sharkaf, ta lulluɓe mijinta daga wuya zuwa ƙafa, ta ɗauko kwalin magani ta yage ta mai da shi mafici. Na'Allah ya sauke gilasai rabi, ya yi bismillah, ya kashe esi. Iskar da ta shigo kamar daga bakin murhu take.

Tafiyar arba'in a hanyar Illela ba tafiya ba ce a wurin mutum irin Na'Allah. Babura suka wuce shi, motar albasa ta wuce shi, wani mai keken haya da buhuna har sama ya wuce shi yana waiwaye. Tsofaffin abokan tasha suka gane shi, wani ya rage gudu ya zuro kai, “Na'Allah, lahiya? Abin wasan ya ƙi?” Ya ɗaga masa hannu kawai. Da can wannan kunya za ta hana shi barci sati guda, yau ko a jikinsa. Ya lura da wani abu. Da esi a kashe, babu inji, babu komai sai kukan taya, yana jin numfashin Gazali sarai, shigarsa da fitarsa, da wani ɗan tsaiko da yake yi kafin ya dawo. Ya karkatar da kai yana bin sa. In sun faɗa rami numfashin ya sarƙe, sai ya ƙara sassautawa, ya riƙa zagaye ko ƙaramar tsaga. Mayafi ya bushe cikin minti goma, Ashatu ta sake jiƙawa, tana ɗiga masa ruwa a leɓe da yatsa tana karanta abin da ta iya.

Bayan Gwadabawa Gazali ya yi shiru da yawa. Na'Allah ya kira shi, bai amsa ba. Ya sake kira da ƙarfi.

“Ina jin ka,” in ji Gazali, ido a rufe. “Warin ƙasa nika saurare. An yi sassabe nan.”

An kuwa yi, ga tarin kara ana ƙonawa a gonakin gefen hanya, manoma suna gyara suna jiran ruwa. Na'Allah ya ji hawaye ya zubo masa, ya bar shi ya bushe da kansa.

A mararrabar da ake sauka daga kwalta lamba ta nuna ashirin da ɗaya. Saura sha biyu. Ya ji ɗan sanyi a ransa, amma rairayi bai bar shi ya daɗe da shi ba. Ƙananan tayoyin motar suna nutsewa, tana nishi a ɓoye, lamba tana zubewa. A nan dai tsohuwar gwanintarsa ta yi rana. Ya bi sawun amalanke inda ƙasa ta danne, ya hau gefen ciyawa, bai taka birki ko sau ɗaya ba don ya san in ta tsaya ba ta tashi. Goma. Bakwai. Huɗu. Daga nan lambar ta ɓace gaba ɗaya, wani ɗan hoton kunkuru ya fito a madadinta, motar ta koma tafiyar da mai jaki zai iya jerawa da ita.

“Malam Na'Allah, mi an nan ya hito?” Ashatu ta tambaya daga baya.

“Kunkuru na.”

“To, Allah shi ba kunkuru ƙarhi,” ta ce.

Suka hango rumbunan Tungar Malle, suka hango hasumiyar ƙaramin masallacin. Suka wuce rijiya. Daidai gindin wani gawo, taku kamar ɗari biyu zuwa ƙofar Gazali, motar ta tsaya. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba, ta tsaya kawai.

Mutanen gari sun riga sun hango su, suka taso. Wani ya ce a ɗauko gadon kara a ɗauke shi. Na'Allah ya ce babu mai fitar da shi nan, a tura. Suka dube shi, suka dubi juna, suka kama. Maza takwas suna turi, shi yana riƙe da sitiyari da fuska a murtuke kamar yana shiga tasha, har gaban motar ya kusa taɓa dakalin zauren. Sannan ya fito ya zagaya ya buɗe ƙofa da kansa.

“Mun iso, Sarkin Noma.”

Gazali ya buɗe ido, ya dubi zaurensa, ya dubi katangar da ya yaɓa da hannunsa bara. “Alhamdu lillahi,” ya ce. Can ya ƙara, “Wancan karo da shanu munka ja ka, yau da hannu. Kai dai ba ka zuwa garin nan sai ka sa mu aiki.”

Tungar Malle ba ta da wutar lantarki. Abin da ke akwai shi ne faranti guda na sola a shagon mai cajin waya, Bahijja ta ce a waya wannan ko shekara zai yi ba zai tashi motar ba. Ta ce babbar motar da za ta iya ɗaukar ta sai Juma'a za ta samu zuwa, amma shi yana iya hawa babur zuwa Gwadabawa ya dawo gida tun rana ba ta faɗi ba. Ya ce ba zai bar motar mutane a ƙauye ba. Aka kafa mata rumfar zana, ya cire takalmi ya shiga zaure.

Sai da ya zauna a tabarma, aka ajiye masa ƙwaryar fura, sannan abin ya faɗo masa. Ya zo gidan nan ya fi sau ɗari, bai taɓa cire takalmi ba. Kullum a tsaye yake gaisawa, Fijo tana ruri a waje, ya kurɓi ruwa ya ce lodi na jira. Gazali ya sha cewa ya kwana, shi kuma ya sha cewa sai wani zuwan.

Laraba suka wuni tare. Da hantsi aka fito da Gazali inuwar zaure aka jingina shi da filo, ya yi magana kaɗan ya huta, ya sake yi. Ya gaya wa 'ya'yansa rumbun da irin gero yake ciki da gonar da za a fara shukawa. Da suka fita ya gaya wa Na'Allah abubuwan da bai taɓa sani ba, cewa yana da ɗa na fari da ya rasu a shekarar ƙyanda, cewa ya taɓa sha'awar koyon tuƙi kunya ta hana shi tambaya. Na'Allah ma ya faɗi nasa, har da shekarar da ya yi a zaune, yadda yake tashi da safe ya rasa dalilin sa riga.

“Jiya ka ji tsoro?” Gazali ya tambaye shi.

“Na ji.”

“Ni ma na ji. Ba na mutuwa ba, na mutuwa a hanya.” Ya huta. “Ka kyauta, Ɗan Birni.”

Alhamis da hantsi Gazali ya cika, a ɗakinsa, Ashatu a gefe ɗaya, Na'Allah a gefe ɗaya yana maimaita masa kalmar shahada. Da shi aka yi wanka, da shi aka ɗauka, aka rufe shi kafin azahar.

Juma'a da safe babbar mota ta iso da Bahijja a gaba. Aka ja ƙaramar aka ɗora, aka ɗaure ta da sarƙa. Bahijja ta shiga ta yi wa Ashatu gaisuwa, ta fito ta samu ubanta tsaye a ƙofar zaure cikin rigar da ya zo da ita tun Talata.

“Baba, mu tahi. Sun ce gobe za ka iya ɗaukar wata kahin a duba wagga.”

Ya dubi motar a sama, ya dubi hanyar rairayin. Daga cikin zaure ana jin muryar masu zuwa gaisuwa daga ƙauyukan kewaye, 'ya'yan Gazali ba su san rabinsu ba, shi ma bai san su ba.

“Ku tahi da ita,” ya ce. “Ki ce musu su ba wani. Ni sai an yi bakwai.”

“Kwana bakwai, Baba? Ba ka taɓa...”

“Ban taɓa ba,” ya ce. “Ki aiko min da riga.”

Ya tsaya har motar ta juya ta kama hanya, sannan ya koma cikin zauren, ya zauna kusa da babban ɗan Gazali, ya miƙa hannu ga wanda ya shigo.